Albarkar Da Na Sa Wa Yayan Matata

A majami'armu ta kusa da madatsar ruwa ta Goronyo ba mu da yawa. Idan mutum biyu suka yi gaba, kowa ya sani, har kujeru. Ni da yayan matata mun yi damina biyu ba ma gaisawa. Dukanmu dillalan albasa ne. Wata ranar kasuwa ya gaya wa wani mai babbar mota cewa albasar da na kwaso daga Rimawa ta sha ruwa, ba za ta kai kudu ba sai ta ruɓe. Ƙarya ne, albasata ƙwanƙwararra ce. Amma maganar ta zaga har Wurno, manoma suka riƙa tambayata ko na koma sayar da miya.

Wadda ta fi shan wahala matata ce. Ba ni na hana ta zuwa gidan yayanta ba, kunya ce ta hana ta. Da aka yi masa haihuwa, a ɗaki ta yi kukanta.

Sai aka kawo mana sabon fasto, mutumin kirki, amma Hausarsa ta littafi ce, bai san ta kasuwa ba. Ranar Jibin Ubangiji ya ce mai gaba da ɗan'uwansa kada ya matso sai sun shirya. Ya kira mu gaba, ya haɗa hannuwanmu.

"Ku dubi juna, kowa ya ce wa ɗan'uwansa albarka."

To, a wurinmu idan an taya kayanka ka ce albarka, ka ƙi sayarwa ke nan. Na dubi yayan matata, na ɗaga haɓa yadda nake yi wa mai tayin raini.

"Albarka."

Fasto ya ce amin da ƙarfi. Mata a baya suka toshe baki da mayafi. Yaya ya gane sarai. Bai saki hannuna ba.

"Mi kaka so in ƙara?"

"Yaya, kai ka san kayan. Taya da kyau."

"To, ga tayina: na yi kuskure."

"Albarka. A kasuwa ka faɗa, ba cikin coci ba."

"In koma kasuwa in ce albasarka ta fi tawa?"

"Ban ce ka yi sabuwar ƙarya ba. Ka ce ba ta ruɓe ba."

Fasto ya fara zufa, yana duban wannan yana duban wancan. Ni kuwa ciniki ya yi mini daɗi, har ina shirin neman ƙari, sai na hango matata. Kowa na dariya ban da ita. Ta kafe hannuwanmu da ido. Na daɗe a sana'a, na san lokacin da mai kaya zai yi asara idan ya ƙara ja.

Na ce, "Na sallama."

Yaya ya matse hannuna har yatsuna suka yi ƙara. Muka ci Jibi kafaɗa da kafaɗa, gurasar nan ta wuce mini maƙogwaro ba tare da na nemi ruwa ba.

Ranar kasuwa ya cika alkawari, a gaban manoman da suka yi mini ba'a. Matata kuwa ba ta jira kasuwa ba. Daga coci ta wuce gidansa, ta goya jaririn da ya riga ya fara tafiya, ta bar ni na dafa wa kaina abincin rana.