Raƙumin da Aka Goge wa Shaida

Sana'ata dillancin dabbobi ce, kuma ba gadonta na yi ba. Da jan igiyar awakin mutane na fara a kasuwar Tasawa, har na samu rumfata a tike, inda ake ɗaure dabbobin sayarwa. A wannan sana'a dillali ne ke tsaya wa mai saye cewa dabba ba ta sata ba ce. In magana ta taso daga baya ba a neman mai dabbar, don shi baƙo ne, ya koma daji. Kai za a nema. Dillalin da aka ce dabbar sata ta bi ta hannunsa, ko da bai sani ba, sai ya ga baƙinsa suna sauka wata rumfa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda zai faɗa masa dalili.

Cikin baƙina akwai wani Ba'abzine da ke kiwo arewa da Atantane. Ya daɗe yana sauka wurina. Yana da wani amale, babban raƙumi mai dogon wuya, da shaidar wuta a wuyan dama, layi biyu da ɗigo a ƙasansu, alamar gidansu. Wata kaka ya hawo shi zuwa kasuwa, ba don sayarwa ba, ya ce yana son a yi masa hoto da shi. Na aika aka kira mai hoton da ke da shago kusa da tasha, mutum siriri mai yawan magana. Ya zo da babbar kyamara rataye a wuya. Ya sa aka juya raƙumin har rana ta koma bayansa shi mai ɗauka, ya durƙusa, ya miƙe, ya ja baya, yana ta dannawa. Na tambaye shi ko hoton duk garin zai yi.

Ya ce, "Alhaji, mutum in ka ce mashi ya tsaya, yana tsayawa. Wanga ba ya jin Hausa. Sai ka ɗauka da yawa ka zaɓi wanda Allah ya ba ka."

Kasuwa ta zagayo ya kawo hoto biyu iri ɗaya. Ga baƙona da rawaninsa, ga amale, amma bangon tike ya ɓace. A bayansu ciyawa ce kore shar da ruwa yana zubowa daga dutse. Baƙona ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a nuna masa hanyar wurin nan ya kai garkensa. Ya ɗauki ɗaya, ya bar mini ɗaya, na rataye a zaurena. Ruwan nan na riƙa kallo duk lokacin da na wuce. Ban taɓa duba wuyan raƙumin ba.

Sai da damina ta yi ta wuce, wata tana shirin sauka, baƙona ya kawo amalen ya ce in sayar masa. Na sayar wa wani manomi daga Korgom. Ruwa ya sauka, baƙona ya kora garke ya yi arewa, can inda rezon waya ba ya kaiwa, kuma ba a ganinsa sai bayan girbi.

Ana tsakiyar noma sai ga manomin Korgom a rumfata, ransa a ɓace, tare da wani dattijo daga ƙasar Mayahi. Dattijon ya ce raƙumin nan nasa ne. Bara da bazara ya ɓace masa a bakin rijiya, tun daga nan yake bin kasuwanni, kuma shaidar da ke wuyansa ta gidansu ce. Bai ɗaga murya ba. Na dube shi na ga ba maƙaryaci ba ne, abin da ya fi damuna ke nan. Aka ɗaure raƙumin a tike, aka kai magana gaban sarkin dillalai.

Ni kuwa na je da ƙarfin gwiwa, da hotona a hammata. Na ce ga raƙumin nan a hannun baƙona tun kakar bara waccan, kafin na dattijo ya ɓace. Hoto ya zaga hannu-hannu. Da ya iso ga dattijon sai ya kai shi kusa da ido, ya miƙo mini.

Ya ce, "Wanga raƙumin ba shi da shaida."

Na karɓa na duba. Wuyan dama ne ke fuskantar mai kallo, kuma sumul yake kamar na ɗan taguwar da aka haifa jiya. Wani dillali daga baya ya ce ko ruwan dutsen ne ya wanke ta, aka yi dariya. Sarkin dillalai bai yi ba. Ya ce ya ba ni zuwa kasuwa mai zuwa in kawo abin da ya fi wannan, in ba haka ba raƙumi ya bi dattijo, ni kuma in san yadda zan yi da mutumin Korgom da kuma sunana.

Daga nan shagon mai hoto na nufa. Ban je da faɗa ba, don faɗa ba ya dawo da shaida. Kuma gaskiya ina son in san ta yaya abin da aka ƙona da ƙarfe a jikin dabba zai bar takarda. Na ajiye hoton a gabansa, na ɗora yatsa a wuyan.

Ya ce, "A'a, wancan tabon? Ni na gyara. Na ɗauka ciwo ne ya warke. Na ce mutum yana son raƙuminshi haka, ba zan bar mashi tabo ba."

Na ce ya nuna mini yadda ya yi. Ya ja mini kujera kusa da ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, ya ce in cire hula, ya ɗauke ni a take. Ya zare wani ɗan kati daga cikin kyamarar ya soka a jikin na'urar, sai ga fuskata ta cika gilashin, da ƙurar tike da komai. Abu na farko da ya yi, ya kwafi hoton ya zama biyu. Na farkon ya ce shi ne uwa, ba ya taɓa ta, a kan ɗiyar yake aiki, don in ya ɓata ya koma ya sake haifo wata. Ya ƙara haske inda hular ta saba yi mini inuwa. Sannan ya kusanto da goshina har na ga ramukan fata, ya riƙa ɗebo fata mai kyau daga gefe yana shafawa kan wani ƙurji da ke wurin, kamar mai yaɓen ɗaki da ke cike tsaga da ƙasar da ke kusa. Ƙurji ya tafi. Ya zagaye kaina da wani siririn layi, ya cire bangon shagonsa, ya tambaye ni Makka nake so a baya ko falon mai kuɗi.

Na lura ya share komai amma ya bar zanen da ke kumatuna. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai zanen gidanku ne. In na taɓa shi danginka su kore ni daga Tasawa."

Na ce, "To na wuyan raƙumin ma zanen gidansu ne."

Ya sosa ƙeya. Shi ɗan gari ne, ubansa tela, bai taɓa kiwon ko tunkiya ba. Na tambaye shi ina uwar hoton raƙumin. Ya ce uwaye yana kwashe su cikin wasu ƙananan akwatuna baƙaƙe da yake kira disk, kowane wata da jakarsa. Sai dai ɗaya daga cikin akwatunan zafi ya kashe shi bara, kuma in wuri ya cika yakan share tarkacen da bai zaɓa ba. Ya fito da akwatunan daga cikin gwangwanin madara, a naɗe da tsumma. Muka shiga nema. Na ga amaren rabin gari ba kwalliyar na'ura, na ga 'yan lekwal, ɗaliban makarantar boko, masu hoton jarrabawa, na ga wani abokina da aka cire wa furfura. A akwati na ƙarshe, cikin jakar watan da aka gama girbi, sai ga amale. Shaida na nan, layi biyu da ɗigo. Tarkacen ma suna nan, ya ce ƙyuya ce ta hana shi sharewa.

Ranar kasuwa ya ɗauko ordinater ɗin muka je tike. Aka shimfiɗa tabarma a rumfar sarkin dillalai, aka tare haske da bargo don a ga gilashin. Ya buɗe uwar, ya ajiye ta kusa da ɗiyar. Mutane suka matso. Na fara jin sanyi a raina.

Sarkin dillalai ya dubi mai hoto ya ce, "Kai ka cire shaidar nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wanda ya iya cirewa, ya iya sawa?"

"Ya iya, ranka ya daɗe."

Na ce ai na'urar tana rubuta ranar da aka ɗauka, ya nuna musu. Sai mai hoto ya ce, shi ma wannan ana iya canza shi. Na so in taka masa ƙafa. Amma gaskiya ya faɗa, kuma da ya ɓoye, wani cikin matasan da ke tsaye zai faɗa.

A nan sana'ata ta dawo mini. In mai saye yana shakkar dabba ba ka yi masa rantsuwa. Kwance ta kake yi, ka zagaya da ita a gabansa, ya ga tafiyarta, ya ga gefen da ba ka so ya gani. Na ce wa mai hoto ya bar mai kyan nan, ya nuna duka, har waɗanda suka lalace. Bai so ba, ya ce ba aikin da ake nuna wa mutane ba ne. Ya fara wucewa da su ɗaya bayan ɗaya, da sauri, sai raƙumin ya zama kamar yana motsi. A nan ya juya kai, shaidar ta lanƙwashe cikin ninkin fata. A can igiya ta rufe rabinta. A wani ya buɗe baki yana tuƙa, komai ya yi dishi-dishi, a wani baƙona ya rufe ido, a wani jelar jakin wani ta shigo. Ko'ina shaidar tana inda ya kamata ta kasance. Wani mahauci ya ce in mutum ɗaya ya zana duk waɗannan, to ya bar hoto ya koma aljani.

Dattijon Mayahi ya ce ya yarda raƙumin ne, amma wa ya san yaushe aka ɗauka? Tambaya ce mai kyau.

Sai sarkin dillalai ya ce, "Tsaya. Koma baya."

A hoton da aka koma, mai hoto ya ja baya sosai, bangon tike ya fito duka. A gindin bangon wani tsoho na zaune kan buzu, ya cire hula yana fifita da ita, bai ma san ana ɗauka ba. Aka kusanto da shi. Fuskar ba ta fito sosai ba, amma zaman nan da ƙafa ɗaya a miƙe, duk tike mun san shi. Yayan sarkin dillalai ne, wanda ya riƙe sarautar kafin shi. Dattijon ya tambayi wane ne, aka faɗa masa, aka ce da sanyin bara waccan ya rasu, ba da daɗewa da girbi ba.

Dattijon ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙanshi. Lokacin nawa yana gida, ni ke ba shi ruwa da hannuna." Ya tashi ya je ya sake duba wuyan raƙumin, ya dawo ya ce akwai wani gida a arewa da kakanninsu suka haɗa uwa, shaidarsu kusan ɗaya ce, ya ji ana faɗa amma bai taɓa gani ba. Ya miƙo mini hannu ya ce in yafe masa. Na ce ba abin yafewa, wanda ya yi rashi dole ya nema. Na karɓi kamannin raƙumin nasa, na ce zan sa ido a Mayahi da Hawan Dawaki da duk inda ƙafata ta kai. Har yau ban gan shi ba.

Mutumin Korgom ya kwance raƙuminsa ya tafi, don ciyawa ba ta jira. Sarkin dillalai ya riƙe mai hoto, ya ce ya wanke masa wancan na tsohon. Mai hoto ya ce bai fito da kyau ba, amma zai gyara fuskar, ya cire bangon, ya sa masa wuri mai kyau a baya. Sarkin ya ce kada ya taɓa komai, ya bar shi da bangonsa.

Bayan girbi baƙona ya dawo da tumaki na sayarwa, ya sauka a rumfata kamar kullum, tare da wasu 'yan uwansa biyu da ban taɓa gani ba. Na ba shi labari muna shan shayi, na nuna masa uwar hoton da na sa aka wanke mini, da shaida da bangon tike. Ya duba, ya miƙo mini. Ya ce wannan kam raƙuminsa ne, amma shi ya fi son mai ruwan.