Ranar da Aka Karɓi Kofur Daga Gadi

Kofur ya yi shekara ashirin da biyu da wata huɗu yana aikin soja. Ya fito da ɗingishi a ƙafar hagu, da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da kuma rashin barci. Da ya ajiye kaki, sai ya kama wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai gyaran waya, yana yanka makulli yana gyaran kwaɗo. Kowane makulli da ƙusarsa a jikin bango, kowane zarto da inda yake kwana. A ƙofar ɗakinsa na gida kwaɗo biyar ne da sakata biyu, amma duk da haka bai taɓa yin barcin awa ɗaya a jere ba.

Dalilin kuwa shi ne, a yininsa na ƙarshe a filin daga, Saje ya ajiye shi gadi a bakin wata gada, ya ce kada ya motsa sai an zo an karɓe shi. Wanda zai karɓe shi bai iso ba, motarsu ta taka nakiya a hanya. Shi kuma Kofur, da aka kawo hari gadar, a sume aka kwashe shi zuwa asibiti. Yaƙi ya ƙare, kowa ya koma gida, amma babu wanda ya tuna ya ce masa an karɓe shi. Saboda haka da zarar ya rufe ido, sai ya gan shi a bakin gadar nan da bindiga, yana jira.

Matarsa ta jure shekara uku. Ranar da ƙofar maƙwabta ta bugu da ƙarfi, ya cilla ta ƙarƙashin gado don ya kare ta har wuyan hannunta ya goce, sai ta naɗe katifarta ta koma ɗakin ajiya, kusa da keken ɗinki. Ba faɗa suka yi ba. Ta dai ce ranar da ya yi barci irin na mutane, da ƙafarta za ta dawo. Shekara tara ke nan yana tsayawa a ƙofarta da safe yana gaishe ta kamar maƙwabciya, kuma wannan ya fi ƙafar yi masa ciwo.

To, akwai wata aljana a unguwar, irin masu shiga mafarkin maza da kwalliya da ƙamshi, su shagaltar da mutum su zuƙe masa ƙarfi, ya wayi gari kamar tsumman da aka matse. Ta gama da mai aski, ta bar mai gyaran waya yana riƙe wando da hannu. Saura Kofur. Sau uku tana bi ta kafar makulli tana tarar da shi zaune, ido biyu. Da ta bincika, sai ta gano yana gyangyaɗin minti goma sha ɗaya a kujerar shago bayan ya ci abincin rana. Dole ta koma aikin rana, abin da ko kakarta ba ta taɓa yi ba.

Ta shiga mafarkin tana rangwaɗa, ta zaci gado za ta samu da labule. Sai ta ji ƙafarta ta nutse a laka. Kofur ya daka mata tsawa ya nemi kalmar sirri. Ta karya murya ta ce ita ce muradin zuciyarsa. Ya ce ba ita ce kalmar ba. Kafin ta sake magana wani abu ya wuce da fito ta samansu, ya danna kanta cikin rami.

"Baiwar Allah, da wannan gyale mai ƙyalli kika shigo filin daga? Ai tun daga tsallake ana hango ki."

Washegari ta dawo doguwa, ya ce ta sunkuya. Ta dawo gajeriya, ya tambaye ta ina iyayenta. Ta zuba turare, ya shafa mata laka don kada iska ta kai wa abokan gaba. A rana ta biyar ta zauna a kan buhun yashi, kitsonta duk ƙasa, ta tambaye shi tsakani da Allah me zai raba shi da gadar nan. Ya ce sai an karɓe shi.

"To, na karɓe ka, jarumi. Taso."

"Ba haka ake yi ba."

Ya sa ta cire awarwaro, ta ƙame, ta haɗa duga-dugai. Ya nuna mata kurmin da ake zargi, da hanyar da mota ke fitowa, ya ƙirga mata harsashi ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa lissafinta daban: ga tanti can a baya, da ya kwanta za ta bi shi. Don haka duk abin da ya faɗa sai ta maimaita da sauri, har ta rantse ba za ta motsa ba sai an zo an karɓe ta. Sai da bindigar ta hau kafaɗarta ta tuna cewa rantsuwar aljanu ɗaure mai ita take yi, ƙafa ba ta ɗaguwa. Ta tambaye shi wa zai zo ya karɓe ta, kuma yaushe.

Kofur ya ce shekara goma sha biyu yana wannan tambayar. Ya ga tana shirin kuka, sai ya cire rigar sanyinsa ya yafa mata, ya yi alkawarin zai riƙa zuwa da rana yana kama mata ta ɗan miƙe ƙafa, don shi ya san zafin a manta da mutum. Sannan ya shiga tanti ya kwance takalmansa.

A shago kuwa, daga ƙarfe ɗaya da minti goma har shida saura kwata bai motsa daga kujerarsa ba. Mutum huɗu suka zo yanka makulli suka koma. Mai aski ya leƙo ya ga baki buɗe, hannu a saki, ya aika a kira matar Kofur da sauri. Ta iso da zare a jikin zaninta, ta kara yatsa a hancinsa, sai ga minshari ya taso kamar tsohon injin niƙa. Ta ce wa mai aski ya kashe rediyonsa, ta jawo benci ta zauna tana kore masa ƙuda.

Ba ta yi gaggawa ba. Kwana bakwai tana kasa kunne daga ɗakin ajiya, ko za ta ji ihu. A rana ta takwas da yamma, Kofur ya dawo daga shago ya tarar da ita a ɗakinsa tana kakkaɓe gado. Ya tsaya a ƙofa, ya fara gaishe ta kamar yadda ya saba.

"Baban yara, ajiye gaisuwar nan ka kama min zanin gadon ta can," in ji ta. "Kuma gefen bango nawa ne. In minsharin ya yi yawa, da gwiwar hannu zan tashe ka."

Ya ajiye jakar aikinsa, ya kama ɗaya gefen.