Motar da Yahuza Ya Gyara a Makare

Duk wanda ya taɓa tsayawa da mota a Tanut ya san Yahuza makanike. Gajere ne, mai faɗa, ga kunne kamar na zomo. Mota tana tahowa daga nesa zai ɗaga kai ya ce, "Wannan buji ne," a buɗe kuwa a tarar buji ne. Bakinsa bai bar kowa ba. Direba ya kawo masa mota da datti a inji, sai ya wanke shi tas a gaban fasinja, ko da kuwa ya haife shi. Mutum ɗaya ne a duniya Yahuza ba ya iya buɗe wa baki: ɗansa na fari, Haris.

Haka Yahuza ya tashi, haka ya tarar da nasa uban. Ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zama hira da shi. Tun yaye aka kai Haris Gangara wurin kakarsa, can ya girma. Da ya dawo Tanut da gemunsa, "wancan" yake a bakin Yahuza. Ran Juma'a ya zo ya durƙusa nesa, ya gaida shi kai a sunkuye, Yahuza ya amsa yana kallon wani wuri. Amma fa so, wallahi yana son yaron nan fiye da duk sauran.

Samarin unguwar kusan duk sun haura arewa neman aiki. Abin da ya riƙe Haris shi ne wata tsohuwar mota kat-kat, mai shiga rairayi, ta Alhaji Attahir, wadda yake ɗaukar 'yan kasuwa da ita zuwa Tenhya. Ya ma faɗa wa ƙanwarsa Ramla a fili, ta kuma kawo gida: ranar da makulli ya bar hannunsa, Libiya ya nufa.

To, sai motar ta soma ciwo. Kullum da safe ta gaban garejin Yahuza take bi, kuma daidai nan Haris yake taka mata wuta. Sai ta shaƙe, ta yi kamar ana jan ta ta baya, ta yi tari, sannan ta fizga. Ranar farko Yahuza ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Ya gane sarai: mai ne ba ya isa. Man kwalba ake zuba mata a bakin hanya, ƙasa ta taru a tanki ta toshe filta.

Haris bai kawo ta wurinsa ba. Ina zai tsaya a tsaye ubansa na kwance ƙarƙashin motarsa? Sai ya kai wa Barmo, wani makanike a bayan tasha. Barmo ya sake buji, ta ci gaba. Ya kwance karbirato ya busa, ta yi sauƙi kwana kaɗan ta koma. Yahuza yana ji, yana cin tuwo ba ya jin daɗinsa.

"Ke Rabi," ya ce wa matarsa, "ki gaya wa wancan a wanke tanki."

"Ni? Malam, yau kuma ni zan tare shi da magana? Kai da kake namiji ka kasa, sai ni?"

Ai da ya aiki Ramla, da an wuce wurin. Amma a nan ne halin Yahuza ya shigo, don ba kunya kaɗai ba ce, har da fushi. A ce duk garin nan, motar ɗansa a hannun Barmo? Barmon da shi ya koya masa riƙe sifana? Ya sayi sabuwar filta ya jefa a aljihu, ya ce a ransa, bari ya gaji ya zo da ƙafarsa.

Juma'a ta zagayo, Haris ya zo ya durƙusa. Filta na aljihu, hannun Yahuza na kanta. Sai ya dubi bango ya ce, "Motocin nan ba su son man kwalba."

"Haka ne, Baba," in ji Haris. Ya ɗauka hirar duniya ce. Ya tashi ya tafi.

Ranar kasuwa ta gaba, a hanyar Tenhya, sun zo wani tudun rairayi inda dole a taka wuta da ƙarfi. Ta shaƙe, ta mutu, ta nutse. Fasinja suka yini a rana da buhunan hatsinsu, kasuwa ta watse ba su. Alhaji Attahir da ma ya gaji da ƙorafi. Da aka jawo motar gari, ya miƙa hannu ya karɓi makullinsa.

Haris ya zo sallama da safe, da 'yar jakarsa. Ya durƙusa inda ya saba. Yahuza ya ce, "Allah ya tsare," yana kallon ƙasa. Haris ya ɗauki jakarsa ya kama hanyar Libiya.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya sa aka turo motar garejin Yahuza. Ya sauke tanki, ya zubar da abin da ke ciki, ƙasa da tsatsa suka kwanta a kwano kamar ƙasarin fura. Ya wanke, ya busa tiyo, ya zaro filtar nan daga aljihu ya ɗaura. Kafin azahar ya gama. Aka taka mata wuta, ta amsa ba gargada.

"Kai, Malam Yahuza, hannunka daban ne!" in ji Alhaji. "Da tun farko nan aka kawo ta!"

Yahuza mai baki ya juya ya hau tattara sifanoninsa.

Yanzu shekaru sun ja. Haris yana can yana aikin gini, ya yi aure a can, sai dai waya jefi-jefi, ita ma da Ramla ake yi. Yahuza ya rage faɗa, direbobi har tsokanarsa suke wai tsufa ya zo. Motar kuwa tana nan a hannun wani. Kullum da safe sai ta bi ta gaban garejin, a taka mata wuta daidai wurin nan, ta wuce sumul.

Wata safiya Ramla ta kawo masa koko, motar ta wuce. Ya bi ta da kunne har ta ɓace, sannan ya ce, "Kin ji ta? Aikin rabin yini ne fa. Da na buɗe baki, da Haris ne a ciki."

Ramla ta tsaya da kwanon a hannu. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.