Ban Ga Aji Ba, Ba Na Sa Hannu

Jiya aka dire mini takardun ɗalibanmu masu koyon malanta, wai in sa hannu cewa na ga koyarwarsu, saboda kwamitin tantance kwalejoji yana tafe. Ni da ko ƙofar ajinsu ban taka ba! Nan take marigayi shugaban sashenmu ya faɗo mini a rai.

Wata rana ana tsala zafi ya ɗauke ni daga Madina har garin Yanbu don mu ga koyarwar ɗalibi guda, motar sai ƙamshin gahawa take. Ya tattare jallabiyarsa, ya takure a kujerar ƙarshen aji, yana duba littattafan yara ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Malam, ai da waya ma ta wadatar."

Ya harare ni. "Ya Daktor, haram alaik, wannan haramun ne a kanka! 'Ya'yan mutane za mu damƙa masa. Ban ga aji ba, ba na sa hannu."

Yau fayil muke ƙawatawa, aji kuwa ko oho. Na mayar musu da takardunsu yadda suka zo.

Allah Ya haskaka makwancinka a maƙabartar Baƙi'a, Malam. Mu kuma Ya tsare hannuwanmu daga shaidar zur.