Dutsen Iyakar Ottmar

Ottmar Seufert ba ya wuce dutsen iyaka bai tsaya ya kankare gansakukar da ke kansa da 'yar wuƙarsa ba. Matarsa Hedwig ta sha cewa, "Maigida, da ni kake kula da ni haka, da na yi ƙiba."

Manomin inabi ne a garinmu na Jamus, mai tsohuwar ganuwa da gada ɗaya. Yana cikin Bakwai, kamar ni. Tun zamanin kakanni garin ke rantsar da mutum bakwai su tsare iyakokin gonaki. A ƙarƙashin kowane dutse mukan binne wasu alamu da mu kaɗai muka sani, ba a rubutawa, ba a gaya wa ko matanmu. Dutsen da aka ɗaga ba alamu, to an matsar da shi.

Shekarar da za a shimfiɗa bututun ruwa, aka kira mu mu ɗaga dutsen da ke tsakanin gonarsa ta kan tudu da ta Kunigunde Dotzel, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Muka kori masu kallo, muka ɗaga. Ƙasa ce zalla.

Ba wanda ya ambaci mahaifin Ottmar, wanda ya dasa inabin, duk da shi kowa ke zargi. Sunansa na jikin allon masu alheri a bangon coci.

Na ce, "Abokina, mai yiwuwa ruwa ne ya kwashe. Mu mayar da dutsen mu je mu ci tsiren alade."

Ottmar ya ce, "Ruwan da ke hawa tudu? Kai dai tsufa bai ƙara maka wayo ba. Miƙo shebur."

Taku uku cikin gonarsa muka sami alamun, a ƙarƙashin layin inabinsa mafi daɗewa.

Shi da kansa ya je gidan Kunigunde, ya cire hula a bakin ƙofa.

"Inna, layi biyu na inabina naki ne. Tun kafin a haife ni."

"Na sani, ɗan nan. Mijina ma ya sani. Shigo, shayi na hucewa."

Garin ya yi magana mako biyu. Ottmar bai fasa zuwa coci ba, sai dai ya sauya wurin zama, ya koma nesa da allon nan.

Ya ce sabon ramin dutsen a iyakar gaskiya shi zai haƙa, kada kowa ya taya shi. Ranar Laraba ya fara, ƙirjinsa ya tsayar da shi. Da muka hau tudun bayan jana'izarsa, ramin ya kai gwiwa, dutsen na kwance a gefe, shebur a tsaye cikin ƙasa.