Ƙanƙarar Malam Sahalu da Busasshen Sholisho

Shekara ashirin ina faci a bakin hanyar Baure, amma akwai wata rana ta watan azumi da ba ta fita raina. Bayan la'asar sai ga Malam Sahalu, ladanin wani ƙauye da ke hanyar Babban Mutum, yana turo keke. Ya ɗaure ƙanƙara a baya cikin buhun ƙaiƙayi, ta tsofaffin masallacinsu ce da za su sha ruwa da ita. Ƙayar aduwa ta fasa masa tayar baya, buhun kuma sai ɗiga yake.

Na ciro tiyub, wato robar cikin taya, na hura na tsoma a ruwa, kumfa ta nuna mini hudar. Nan na buɗe gwangwanin sholisho, gam ɗin da muke liƙi da shi, na leƙa ciki. Ya daskare kamar tuwon jiya. Facin kanti da nake da su kuwa sun tsufa, da na lanƙwasa ɗaya sai ya tsage.

Na tsayar da wani mai babur na roƙi fetur cikin murfin kwalba, na ɗiga a gwangwanin ina juyawa da tsinke. Wallahi da na ga sholishon ya fara saki yana bin tsinken, sai na yi hamdala. Na yanko faci daga wani tsohon tiyub, na kankare duka biyun, na shafa.

Ga inda sababbin hannu ke faɗuwa: ba a mannawa sai gam ya sha iska. Malam Sahalu ya dubi buhunsa, ya dube ni zaune.

"Maigida, don Allah manna mana. Ƙanƙarar nan tafiya take."

"Malam, in na manna yanzu, kafin ka wuce gonakin can ya ɗaye."

Muka zauna muna jin ɗigar ruwa. Da gam ɗin ya daina kama yatsa na manna, na daddanna da ƙotar guduma, na buga famfo. Taya ta tsaya gam.

Washegari ya biyo yana dariya, ya ce rabin ƙanƙarar ta isa masallaci, kuma kowane tsoho ya samu a kofinsa.

Ku masu koyo, a aikin nan yanka da kankara ba wuya. Wuyar ita ce ka hana hannunka motsi alhali mutumin kirki yana roƙonka ka yi sauri.