Marafan Kwalban Inna Hajjo

An shiga ɗakin Inna Hajjo da takalma, an zazzage mata buhu a tsakar gida a gaban yara goma sha ɗaya, an kira ta mai sayar da giya. Ranar kasuwa ce, shekara biyu da fara shari'a.

Hajjo mutuniyar ƙasar Maraɗi ce. Aure ya kawo ta Jibiya, wajen Inusa ɗan dako, wanda ya ƙare ƙarfinsa a sauke buhunan gero har ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu. Sau huɗu tana haihuwa, ba wanda ya kai yaye. Abin da ya rage mata shi ne ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a bakin titin da ke miƙewa iyaka, titin da masu babur ke tsala gudu a kansa ɗauke da jarkokin fetur, ba sa ganin kowa. Matan da ke sayar da abinci a tasha ba su da inda za su ajiye 'ya'yansu. Tsahara mai fura ce ta fara kawo mata 'yarta Husaina, sauran suka biyo baya. Da hantsi Hajjo ta tura ƙyaure ta sa sakata, ba yaron da zai leƙa waje sai uwarsa ta dawo bayan la'asar.

To, wanda bai taɓa kulle yara goma a ɗaki ba bai san aiki ba. Tatsuniya ce abin da Hajjo ta fi iyawa, amma ita ba ta yarda a yi ta da rana ba, haka ta taso ta ga ana yi a gidansu. Dole ta nemi wata dabara. Ta yi musu 'yar tsana da kara da tsumma, ta koya musu carabke, duk kafin azahar sun gaji sun fara cizon juna. Marafan kwalba ne suka cece ta. Ta daddaka wasu da dutse ta huda da ƙusa, suka zama tayoyin motar kara. Sauran ta mayar da su garke: kore saniya, ja akuya. Sai ta ja layi da gawayi a tsakar ɗaki, nan Najeriya, can Nijar, ta naɗa yaro ɗaya duwan, wato jami'in kwastan na can, sauran su koro dabbobinsu su zo ƙetarawa.

"Tsaya nan! Ina takardar saniyar ga?" in ji duwan, yana hura hanci.

"Ranka shi daɗe, saniya ta cinye ta," in ji Husaina.

Hajjo ta yi dariya har da hawaye. Da wannan wasan yaran suka iya ƙirge har ɗari.

Marafan kuwa Manu ke kawo mata, ɗan ƙanwarta, direban babbar mota. Duk sanda ya sauke kaya a Maraɗi sai ya tsinto mata su a ƙasan teburan masu abinci. Tun da aka hana giya a nan, mashaya suka koma ƙetare iyaka, marafai suka yi yawa a can kamar tsakuwa. Manu bai tsaya zaɓe ba. Hajjo kuwa ba ta karanta boko, balle Faransanci. A wurinta kore saniya ce, shi ke nan.

Wata rana wani yaro ya tafi gida da saniya ɗaya a aljihu, yayansa ya karanta abin da ke rubuce a kanta. Kwana biyu sai ga wani Dalhatu da samari huɗu, 'yan wani kwamiti da suka naɗa kansu masu gyaran unguwa. Ko sallama ba su yi ba.

"Ke tsohuwa, ina kwalaben?"

"Kwalaben mi, ɗan nan?"

"Kar ki ce mini ɗan nan. Marfi yana zuwa ba kwalba? Wannan na giya ne."

Hajjo ta karɓi marfin, ta juya shi, ta kai kusa da ido. "Wagga ai saniya ce," ta ce. Da gaske take. Samarin suka fashe da dariya, ɗayansu ya ce lallai yau ma ta sha.

Suka ɗaga gado, suka zura hannu a randa, suka kwance ƙullin kayan marigayi Inusa. Ko fasasshiyar kwalba ba su samu ba. Duk da haka Dalhatu ya tsaya a ƙofar gida, inda jama'a suka taru, ya ɗaga marafan sama ya ce ga abin da ake ba 'ya'yan Musulmi. Husaina na riƙe da zanen Hajjo tana kuka, tana cewa a ba ta shanunta.

Mai unguwa ya kira su zaurensa washegari. Manu ya rantse, ya yi bayani, aka ga ba magana. Mai unguwa ya ce a bar ta nan, kowa ya yi haƙuri. A zaure aka wanke ta, gaban mutum shida. Kasuwa ba ta ji ba. Mazajen matan nan suka hana a sake kai mata yaro. Tsahara ta zo har gida, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, wallahi na san ƙarya ce. Babansu ne ya rantse."

"Tashi, ɗiyata, ba komi," in ji Hajjo. "Ki dai riƙa ɗaure ta kusa da ke, titin ga ba shi da imani."

Yaya mai dama fura za ta riƙe yarinya 'yar shekara huɗu a tasha? Kafin wata ya ƙare babur ya taka Husaina a ƙafa, har yanzu tana jan ta.

Hajjo ta daina zuwa suna da biki, don ta gaji da ganin ana matsawa idan ta zauna. Tana wuni a rumfa ita kaɗai, ta jiyo ihun birki a titi ta miƙe zumbur, ta koma ta zauna. Matar da ko warin giya ba ta sani ba, yau yara na wucewa ta ƙofarta suna toshe hanci.

Dalhatu yana nan, da shi da mutanensa huɗu, kowa ya san shagon da suke zama. Ba a ce su biya komai ba. Abin da ya kamata kawai, su zo ranar kasuwa, su tsaya a ƙofar Inna Hajjo daidai inda suka tsaya wancan karon, su ɗaga murya yadda suka ɗaga, su faɗa wa jama'a cewa sun bincike ɗakin nan kaf ba su ga kwalba ko ɗaya ba, ƙazafi suka yi mata.